Tukunyar da ke tafasa ba wuta

Shekarun baya, lokacin ina walda a Sabon Layi cikin garin Mubi, ina da wani aboki malamin kimiyya da ba ya barina in huta. Kullum sai ya zo da zane a takarda, wai in haɗa masa ƙarafa. A ƙarshe muka kafa wani abu a tsakar gidansu: farantan sola, durom na ruwa, wayoyi, da tiyub ɗin babbar mota. Lantarkin sola ke raba ruwan, iskar haidirojin mai kama wuta ta fita ta taru a tiyub, a kunna ta a yi girki. Ya ce da irin wannan za a daina sare itatuwan duwatsunmu. Na ce, "Malam, kai dai dafa shayi mu gani."

Ban kai ga shan shayin ba 'yan bindiga suka shigo Mubi. Ranar abokina yana Yola. Ni kuwa na kwashi iyalina muka bi daji da ƙafa, kuma wallahi ban tuna da mahaifiyarsa ba, tsohuwa mai ciwon gwiwa ita kaɗai a gida, sai da muka yi nisa. Kunyar wannan har yau ba ta sake ni ba.

Da sojoji suka ƙwace garin bayan makonni, muka dawo tare da abokina. Rana tsaka ce, amma ko kukan akuya babu. Ƙofofi a buɗe, takalma ɗai-ɗai a kan titi. A ƙofar gidansu ya ja ya tsaya. Ya ce, "Shiga ka dubo mini. Abin da ka gani, ka faɗa mini gaskiya."

Na yi sallama, shiru. Murhu ya yi sanyi, gizo-gizo ya yi saƙa a kai, itace na jibge ba a taɓa ba. Ina tunanin yadda zan gaya masa sai na ji ƙaf-ƙaf-ƙaf. A gindin katanga tukunya ce ke tafasa, murfinta na rawa, ƙarƙashinta ba harshen wuta, ba garwashi, ba hayaƙi. Ni na ƙera ƙarfen da take kai, amma duk addu'ar da na sani sai da na karanto. Don tsabar wauta na cusa hannu ƙarƙashi. Wayyo! Gashin hannuna ya babbake. Ashe ita wannan wutar ba a ganinta da rana.

"Wa zai zubar mini da wake?"

Muryar daga ɗaki ta fito. Tsohuwar ce, ta rame kamar kara, tana jan jiki.

"Dada! Kina raye?"

"A'a, fatalwa ce ke girki. Ina ɗana?"

Na ƙwala masa kira, ya shigo ya zube a jikinta yana kuka. Daga baya ta ba mu labari. Duk gidan da hayaƙi ya tashi sai 'yan bindigar sun shiga. Ita kuwa ta ga yadda ɗanta ke yi, kullum sai ta ƙara ruwa a durom, ta jira rana ta ɗaga, ta dafa 'yar cimarta.

Abokina ya tambayi labarin maƙwabciyarsu, tsohuwar da ita da Dada kaɗai suka rage a layin. Dada ta kalli katanga. "Na ce ta miƙo tukunyarta in dafa mata. Ta ce ba ta cin abincin wutar aljanu. Kwana uku ta yi da yunwa, rana ta huɗu ta hura itace." Tun daga ranar Dada ba ta sake jin motsinta ba.

Yanzu in na ji ana zancen haidirojin a rediyo, wai makamashin gobe, ba na yi wa abokina dariya. Amma har yau, in na hango hayaƙi na tashi daga wani gida da safe, sai na tsaya na ji motsin mutanen gidan kafin in wuce.