Tsawon Safe da Tsawon Yamma

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da su. Ba zan ce ga ta nan ba, domin wannan ba tatsuniya ba ce. A kaina ta faru, kuma bangon da ya shaida yana nan tsaye a gidanmu na Kurmin Kogi.

Shekarar da idona ya fara hazo, ɗana na fari ya sayo mini rediyo a kasuwar Maƙarfi, ya ba matarsa ta miƙo mini. Haka muke da shi. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na ja magana da shi ba. In ina da magana surukata ke kaiwa, ita ke dawo da amsa.

Ni kuwa na yarda da rediyo. Ita ke faɗin ganin wata, ita ke sanar da rasuwa, kuma ban taɓa jin wanda ta ce ya rasu ya dawo ya ƙaryata ta ba. To akwai wani mutum mai sanyin murya da ke fitowa da hantsi yana kawo abubuwan al'ajabi na duniya. Ina ɓarar gyaɗa ina saurare, ina adanawa a kai kamar iri a rumbu.

A daminar nan ne jikata da ke aure a Kudan take da tsohon ciki. Ni na goya ta, ni na yaye ta. Mijinta ya roƙi a bar ta ta haihu a ɗakinta, a turo mata tsohuwa ta yi mata zaman jego. Wace tsohuwa in ba ni ba? Tun ciki na wata biyar na tanadi kanwa, na daka yaji, na ƙulle kayana.

Sai aka yi suna a gidan 'yan'uwa a Maƙarfi. Muna zaune da rana tsaka, mata cike da tsakar gida, hira ta mutu. Na ga bai kamata ilimi ya ruɓe a cikina ba, sai na gyara zama na ce, "Akwai wata halitta a teku, hannuwanta takwas, zuciyarta uku."

Mata suka juyo suna kallona.

Na ce, "Jimina kuma, idonta ya fi ƙwaƙwalwarta girma. Giwa duk ƙarfinta ba ta iya tsalle. Sannan akwai ƙasar da rana ke yin wata da watanni ba ta faɗi ba."

Wata mai goyo ta ce, "To Iya, azumi fa? Yaushe suke shan ruwa?"

Na ce, "Bai faɗa ba."

"Wa?"

"Mai murya."

Nan na ga sun fara kallon juna. Wata ta tashi ta kawo mini ruwa ban nema ba. Wata ta kama yi mini fifita. Mu dai an raine mu a kan ba a tatsuniya da rana, kuma tsohuwar da ta fara yi da rana tsaka, fuska a murtuke, har tana cewa wata murya ce ke gaya mata, kowa ya san sunan abin da ya same ta. Kafin mota ta dawo da ni gida, labari ya riga ni isowa: tsohuwa ta fara ruɗewa.

Bayan kwana kaɗan surukata ta shigo ɗakina ta durƙusa, tana wasa da bakin zani.

"Inna, ya ce wai ki huta. Wai gwaggon yarinyar za ta je Kudan."

"Me na yi da zan huta?"

"Wai aikin jego da ruwan zafi ne, ga jariri."

Na fahimta. Wadda ta ruɗe ba a ba ta tafasasshen ruwa, balle jinjiri. Gwaggon nan kuwa, Allah Ya sani, kunun kanwarta ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sha.

Da wani ne da na je na wanke shi tas. Amma ɗan fari ne, bakina a ɗaure. Ba zan iya kawo teku Kurmin Kogi ba, ba ni da giwar da zan ce ta yi tsalle a gani. Na bi abin da ke kaina ɗaya bayan ɗaya, har na tuna da guda wanda ba ya bukatar jirgi: mai murya ya ce mutum ya fi tsawo da safe, in yamma ta yi ya ɗan ragu, domin nauyin yini yana danne ƙashin baya.

Da la'asar sai ga taubashina, ɗan kawuna, mai sayar da mazarƙwaila. Dogo ne kamar rake, kuma duk duniya ba abin da yake taƙama da shi sai tsawon nan. Tun daga zaure yake ɗaga murya.

"Ina baiwata mai zuciya uku? An ce kin haukace, na zo in ga ko za a sami mai saye da rahusa!"

"Shigo, tsohon banza. Kai ko ɗayar ba ka cika ba."

"Yau me muryar ta ce?"

"Ta ce yanzu ka fi gajarta a kan yadda ka tashi da safe."

Ya yi dariya har da tari. "Ni? Shekara saba'in ina shiga ƙofa a sunkuye, yau za ki rage ni?"

"In ka isa, tsaya a bango."

Maza na zaune a ƙofar gida suna jiran magariba, ɗana a cikinsu. Suka leƙo. Na sa aka kawo gawayi da faifai. Ya tuɓe takalmi ya jingina da bangon zaure yana hura hanci.

Na ce, "Cire hular."

"Hula ba ta cikin sharaɗi."

"Hula ba ta cikin mutum."

Ya cire. Jama'a, ashe shekara da shekaru sanƙo yake ɓoyewa, kai fes kamar bayan ƙwarya. Aka kwashe da dariya. Na hau turmi, na ɗora faifai a kan sanƙon, na ja layi. Na ce gobe daga masallacin asuba ya zo nan kai tsaye, kada ya ɗauki ko buta mai nauyi.

Da gari ya waye ya zo, da rabin sahun masallaci a bayansa. Ya tsaya inda ya tsaya jiya. Na lura yana ɗan lanƙwasa gwiwa a cikin riga, na sa sanda na ƙwanƙwasa masa, ya miƙe. Na ɗora faifai, na ja layi. Sabon layi ya hau saman na jiya da kamar kaurin ɗan yatsa.

Ya juyo ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Bangon ne ya nutse. Damina ce."

"A dare ɗaya?"

"To ƙasar ce ta kumbura."

Wani ya ce faifan ne ya karkace. Wani ya ce hannun tsohuwa na rawa. Ladan ya ce shi dai ya ga layi biyu, amma ba zai rantse a kan dalili ba. Ɗana ya saɓa fartanya ya tafi gona. Na koma ɗaki na zauna kusa da ƙullin kayana. Ranar ko rediyon ban kunna ba.

Washegari da hantsi na zagaya bayan rumbu neman kazata. A jikin katanga, inda ba mai zuwa, sai ga layi biyu na gawayi, ɗaya bisa ɗaya, da ludayin miyar surukata yashe a ƙasa, wanda tun jiya da yamma take nema. Gidan nan mutum ɗaya ne kansa ke kaiwa wurin. Na ɗauki ludayin na kai mata. Da ɗana ya zo wucewa na saci kallo, ga baƙin gawayi a bayan kunnensa.

Da azahar surukata ta shigo, tana danne dariya.

"Inna, ya ce ki shirya, jibi mota za ta kai ki Kudan."

"To."

"Wai kuma a tambaye ki, halittar nan mai zuciya uku, ana cin ta?"

Na ce, "Gaya masa bai faɗa ba."

Na isa Kudan da kwana biyu jikata ta sauka lafiya, mace. Ni na fara sa ta a ruwa. Na yi arba'in ɗina cif, ban ƙona kowa ba.

Gwaggon jikata ta yi fushi na wata guda, sannan ta aiko a tambaye ni yadda nake dama kunu. Surukata har yau in ludayi ya ɓata bayan rumbu take fara dubawa. Ɗana ya sayi tasa rediyon, yana rataye ta a reshe in yana noma, kuma ba mu taɓa tayar da zancen ba. Jaririyar ta yi wayo, in an kawo ta ina tsayar da ita a bango, da safe kawai, don kada in cuce ta. Taubashina bai taɓa yarda ba, amma tun daga ranar bai sake zuwa wurin tela da yamma ba. Bara Allah Ya karɓi abinsa, bayan sallar asuba, aka auna masa likkafani rana ba ta ɗaga ba. Ya tafi da tsawonsa cikakke, Allah Ya jiƙansa. Layinsa biyu suna nan, na hana a shafe.

Ga kunnuwanku nan, na mayar.