Baban Ɗakin Ƙasusuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Laraba, sha biyu ga watan Yuni, Allah Ya karɓi ran dattijon da ke kula da ɗakin ƙasusuwa a makarantarmu ta likitancin dabbobi, wanda kowa yake kira Baba. Ba a faɗa mana ba sai da muka ajiye biro da azahar, domin ranar muke jarrabawa, malamai suka ga gara a bar mu mu gama. Baba, yau kwana tara ke nan, kuma har yanzu in na bi ta gaban ƙofar nan sai in rage tafiya ina sauraron ƙarar mukullanka.

Ba ka da digiri, sunanka ma ba ya cikin jerin malamai. Aikinka share ɗaki, goge ƙasusuwa, jera su bisa tebura, da kaɗa ƙararrawa ranar jarrabawa. Wanda bai taɓa shiga wannan jarrabawa ba bai san ta ba. Tebur talatin ne, kowanne da ƙashi ko wata gaɓa ta dabba, an manna mata lamba. Minti ɗaya ake ba ka ka faɗi ko mene ne, na wace dabba, na dama ko na hagu. Ƙararrawa na bugawa sai ka matsa gaba, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba.

Sau biyu wannan ƙararrawa ta kayar da ni. Wallahi ba rashin karatu ba ne, na ci littafin nan har bangonsa ya ɓalle. Amma da zarar ta buga sai kaina ya zama kamar an wanke allo, in tsaya ina kallon ƙashin cinyar kare kamar ban taɓa ganin kare ba. Dokar makaranta kuwa a fili take: ka faɗi sau uku, ka tattara kayanka. Tsakanina da gida tafiyar kwana biyu ce, kuma mahaifiyata ta gama shelanta wa dangi da maƙwabta cewa ɗanta likita ne. Na ɓoye mata. Na daina cin abinci sai shayi, na rame, na zama masifaffe, har abokin ɗakina ya kwashe katifarsa ya bar mini ɗakin.

A haka ka same ni wata rana bayan la'asar, ina zaune a ƙasa kusa da kwarangwal ɗin doki, warin maganin da ake adana nama yana cin idona. Na ce maka maganin ne ya sa ni hawaye. Ka ce, "Haka ne, Likita, shekara talatin da ɗaya yana sa yara hawaye, musamman in jarrabawa ta matso." Daga ranar ka laƙaba mini Likita, ni da ko akuya ba ta yarda da ni ba tukuna.

Sai ka ɗauko wani tsohon buhu ka zuba ƙasusuwa a ciki, ka ɗaure mini ido da tsumman goge tebur, ka ce in zura hannu in faɗi abin da na taɓa. Ina lalube kana kaɗa mini ƙararrawar a daidai kunne. Ranar farko har na fusata, na fizge tsumman na ce ni ba wasan yara ya kawo ni ba. Ba ka ji haushi ba. Ka ce kan mutum ne ke firgita, hannu ba ya firgita, don haka hannun za mu koya wa karatu. Akwai wani ɗan ƙashi mai kama da kwalekwale da ke ɓoye a cikin kofaton doki. Sau goma sha ɗaya ina ce maka na saniya ne, sau goma sha ɗaya kana ƙwanƙwasa mini shi a goshi.

In ka ga numfashina ya fara sarƙewa, sai ka kore ni zuwa shingen dabbobi wurin tsohuwar saniyar nan mai ƙaho ɗaya. Ka ce in dafa kwiɓinta na hagu in ƙirga motsin tumbinta, kada in dawo sai na ƙirga goma. Kafin in kai goma, tana tuƙa abinta ba ruwanta da jarrabawa, sai in ji zuciyata ta sauka. Kai ne kuma ka tsare ni sai da na kira mahaifiyata na faɗa mata gaskiya, kana tsaye a kaina da tsintsiya. Sai ta ce, "Ai tun tuni muryarka ta gaya mini. Ka ci abinci?"

Amma ba ka taɓa faɗa mini abin da zai fito a jarrabawar ba. Sau ɗaya na gwada zolayarka a kai, kallon da ka yi mini ya ishe ni har yau.

Akwai maganar da ba ka gajiya da maimaitawa: dabba ba ta faɗin inda ke mata ciwo, mai ido ne ke gani. Wannan maganar ce take hana ni sukuni yanzu. Na gani, Baba. Na ga ka take bayan takalmanka saboda ƙafa ta ƙi shiga. Na ga kana tsayawa sau biyu a matakalar da a da kake haurawa da bokiti a hannu. Na ga burodinka yana kwana a aljihun tebur. Kwana uku kafin jarrabawa ka miƙo ƙafa kana dariya, ka ce, "Likita, zo ka duba mini wannan, ko sai mai kofato kake dubawa?" Ni kuma, sakarai, ko sunkuyawa ban yi ba. Na ce, "Baba, bari a gama jarrabawar nan tukuna." A makon nan fa na haddace shafin da ya ce kumburin da ke lotsawa in an danna shi, tare da haki, yana iya zama alamar zuciya ta gaza. Da saniya ce, da na gane tun daga bakin shinge.

Ranar Talata da yamma ka jera teburan nan talatin da hannunka, ka kulle ɗaki, ka tafi gida. Da muka shiga da safe wani ne riƙe da ƙararrawar. Tun bugun farko na san ba kai ba ne, domin kai a hankali kake kaɗa ta, shi kuwa kamar mai korar tsuntsaye. Na rufe ido na kai hannu, hannun kuwa ya yi aikinsa. A tebur na sha bakwai sai ga ɗan kwalekwalen nan, da lamba a jikinsa cikin karkataccen rubutunka. Na yi murmushi, ina cewa a raina bari in fito in ba Baba labari. Ashe a lokacin ana can ana yi maka wanka.

Da muka je gaisuwa, babbar 'yarka ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wane ne Likita a cikinku?" Na ɗaga hannu. Ta ce, "Tun makon jiya muke fama da shi ya je asibiti. Ya ce sai ya ga yaronsa ya haye." Ba da zargi ta faɗa ba, har addu'a ta yi mini. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ba ƙaramin ɗalibi ne zai tare shi ba. Na faɗa wa kaina haka fiye da sau ɗari. Duk da haka, jiya da na shiga ɗakin na tarar da buhun a rataye a ƙusarsa da tsumman a kai, sai na kasa matsawa kusa. Wani lokaci ina tsakiyar karatu sai in ji ƙararrawa a gefen kunnena, a hankali, irin taka, in waiwaya babu kowa.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa aljanna ce makomarka. Duk dabbar da ta sami sauƙi a hannun waɗanda ka koyar, Allah Ya kai maka ladan. Ga iyalinka, 'ya'yanka da jikokinka, da ma'aikatan sashenmu, ina miƙa ta'aziyyata, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Shekaranjiya aka liƙa sakamako. Na haye, Baba. An gama jarrabawar, kamar yadda na ce ka jira. Ka yafe mini.