Wutar da Ke Hannun Mai Ƙofa

Kakarmu Hajiya Dije ba ta shan shayin da aka dafa a gas. A gidanmu na unguwar Hindawiyya a Jidda, da an idar da magariba sai ta sa a hau mata da kurfoti saman rufi, ta hura gawayi, mu jikoki mu kewaye ta muna zufa. Ga zafin Jidda ga na garwashi, amma wa ya isa ya yi ƙorafi? Sitti muke ce mata kamar yaran unguwa, ita kuwa in ba da Hausa ka amsa mata ba, sai ta zama kurma.

"Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya ba ta hanya," in ji ta.

"Yalla, ta shigo," mu ce.

Akwai tatsuniya ɗaya da na tsana, ita kuma kamar da gayya take maimaita ta. Wai wata mai waina ce, Lantana, a garin da ke da ƙofa ɗaya tak, kuma wutar garin duka tana hannun mai tsaron ƙofar. Kullum da safe sai ta ɗauki kasko ta je ɗibar garwashi, yadda ake yi a ƙauyen su Sitti in murhu ya mutu. Ranar da ya ga dama ya ba ta, ranar da bai ga dama ba ya ce ta dawo gobe. Ƙullu ya kwana ya yi tsami, masu saye su watse, mutanen wasu garuruwa kuma su riƙa cewa ai matan garin nan ragwaye ne.

"To ta kunna tata mana, Sitti," in ji yayana.

"Kai ka fi ta wayo ke nan? Ta sayo ƙyastu, ya ƙwace a ƙofa, wai kada ta ƙona gari. Ta sayo ashana, ita ma haka."

"Sai me ya faru?"

"Sai gari ya waye, ta ɗauki kaskonta."

Nan take tsayawa. Ba aljanin da ya zo ceto, ba kurar da ta cinye mai ƙofa. In muka dame ta sai ta kaɗe zani ta ce, "Halas, kan ɓera ya ƙare, wanda ya bar mukayyif yana hura sanyi a ɗaki ya sauka ya kashe." Haushi kamar in yi kuka.

Yanzu ina aure a unguwar Bani Malik, kuma maƙwabciyata Ummu Khalil Bafalasɗiniya ce. A shekarun da muka fara zama tare, ƙanwarta tana da shagon ɗinki a Gaza, kuma mata da yawa suna ci a ƙarƙashinta. Wata shekara ta samu aikin ɗinka kayan makaranta, aikin da zai riƙe shagon. Sai dai wuta takan zo ta ɗan leƙa ta koma, don layin wutar da man injinan da ke samar da ita duk ta hannun wasu suke biyowa. Man janareta ya fi ribar tsada. Ta yi odar batura na sola, suka maƙale a mashigar kan iyaka.

"Wallahi ya ukhti," Ummu Khalil ta ce min, "yarinyar nan ta iya sana'arta. Amma allura ba ta tafiya da niyya."

Aka buɗe makarantu rabin kayan na kan tebur. Mai aikin ya kai wani wuri, matan suka koma gida. Ranar da ta ba ni labarin na ji irin haushin da nake ji a saman rufi, sai dai yanzu na san Sitti ba rowar ƙarshe take mana ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu zama cikin sanyin mukayyif suna tambayar me ya hana mutanen can ci gaba.

Ƙanwar ta zaro tsohon keken ɗinki na ƙafa na mahaifiyarsu, ta tarar bel ɗinsa ya tsinke. Ni na raka Ummu Khalil kasuwar gwanjo, muka sha rana har muka samo irinsa. Ta naɗe shi a leda ta sa a jaka, ta ce da an samu mai tafiya da za a bari ya shiga, za ta ba shi. Ɗanta Khalil yana rarrafe a lokacin. Bana ya shiga sakandare, ledar tana jakar.