Kwamfutar Ɗan Fari

A shagon Zailani mai gyaran kwamfuta, a nan Dutse, wata dattijuwar Bafulatana na zaune a ƙarshen bencin da nake jira a kai, takalmanta a bakin ƙofa kamar ta shigo masallaci. A kanta ta ɗauko wata kwamfuta daga tasha, naɗe cikin zane, yadda ake ɗaukar ƙwaryar nono. Daga wani ƙauyen Jahun take.

Zailani ya kunna, allo baƙi ƙirin. Ya kwance bayan na'urar, ya zaro faifan da ke ajiye komai, ya goge shi, ya mayar. Shiru. Ya jona shi da wata kwamfutar, ya kara kunne, ba abin da yake ji sai ƙas-ƙas.

"Inna, ba ta ganin faifan," in ji shi. "Ta wane ne?"

"Ta yaron nan ce. Ya rasu da azumi."

"Allah Ya jiƙansa. Yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Nan na gane ɗan fari ne, wanda kunya ke hana uwa ambaton sunansa. Ina jin tun da ta haife shi ba ta taɓa zuba masa ido a gaban mutane ba.

Zailani ya san faifan ya mutu, amma ya sake jonawa.

"An ce hotunansa na ciki," ta ce a hankali. "Ko ɗaya ne a fitar min, ɗan nan. Ban kalle shi sosai ba."