Mai Wutsiya Biyu Cikin Ɗigon Ruwa

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ban da Juma'ar nan. Muna aji biyu na sakandare wasu baƙi suka kawo shirin kimiyya na hutu makarantarmu a Yelwa, har da madubin likita, mai nuna abin da ido ba ya gani. Aka zaɓi maza zalla, 'ya'yan cikin gari. Mu mata aka ce mu zo wanke kwalabe, 'ya'yan Gungawa, mazauna tsibiran kogi, kuwa wai ba za su gane Turancin ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Akwai wata 'yar ajinmu, 'yar tsibiri, da ke tuƙo kwalekwale kullum ta tsaya bakin taga. Ƙanenta na fitsarin jini, tsofaffinsu sun ce 'yan ruwa ke shan jininsa.

Da maza suka tafi masallaci, sai ta shigo da kwalba, ruwa garai-garai da 'yan katantanwa a ciki.

"Daga inda yaranmu ka wanka na ɗebo shi," in ji ta. "Ɗiga muna mu gani."

Na ɗiga a kan gilashin madubin yadda na ga ana yi. Ɗakin tsit, har ina jin numfashinta. Ta kafa ido, ta daɗe ba ta motsa ba, sannan ta matsa mini. Wani abu ne mai wutsiya biyu yana ninƙaya, ya tsaya cak, ya juyo kamar ya san ana kallonsa. 

"Ashe da gaske akwai su," ta ce a hankali.

Malamin da ke cikin baƙin ya dawo ya same mu. Ya leƙa, ya ce ƙwayar tsargiya ce mai sa fitsarin jini, ta fata take shiga, kuma akwai magani a asibiti.

"Malam, bari in zo da babana shi gani. In ni na faɗi, ba su yarda."

Ya ce kayan na waɗanda aka zaɓa ne, ya goge gilashin da tsumma. Washegari baƙin suka kwashe kayansu.

Ta faɗa a gida, aka ce bakin yarinya ne. Sai da cikin ƙanen nata ya kumbura aka kai shi asibiti, bai ƙara zama mutum sosai ba.

Ranar na gane cewa in za a raba ilimi, a fara da wanda rashinsa ke ci. Mazan da aka zaɓa, da ruwan famfo suke wanka.