Rawanin da Aka Naɗa Mini a Falanko

Salama gare ku mutanen Falanko, da duk wanda maganar nan za ta iske a kasuwar Tanut. Ni ne Habu ɗan Tanko, wanda aka tafi da shi aikin soja. Na ji labari har sadakar arba'in ɗina an ci. Allah ya karɓa, amma ban mutu ba.

Jinya na yi, mai tsawo. Kafin in faɗi ciwon, bari in faɗi inda ya samo asali.

Shekarar da kumandan ya aiko a ba shi mazaje, da tukkuna a ka, ban taɓa kai azumi ƙarshe ba. An gaya wa Baturen nan cewa a Damargu yaro ba ya naɗa rawani sai ya zama namiji. Al'adar Buzaye ce, shi kuwa ya ɗauka ta kowa ce. Ba ya tambayar shekaru, kai yake dubawa. Mai gari ya gano haka. Da hantsi wanzami ya aske mini tukku, aka naɗa mini baƙin rawani har ya rufe mini baki.

Inna ta riƙe rigar mai gari ta ce, "Ranka ya daɗe, jiya fa na raba shi faɗa da ƙanensa a kan ƙanzo."

Ya ce, "Hajara, in na ba da manoma, wa zai ci da gari? In na hana, a ɗaure ni, a zo a kwasa da ƙarfi."

Na daɗe ina tsine masa. Yanzu na bari. Shi ma da bulala a bayansa. Amma ɗansa ya girme ni, kuma ba a naɗa masa ba.

A Tanut na haɗu da Barmo, ɗan makiyaya daga Belbeji, shi ma da rawanin aro. Bindiga ta kusa tsawonsa. Aka ƙetara da mu teku, aka kai mu wata ƙasar duwatsu, aka ce mu harbi mutanen da muke jin kiran sallarsu daga inda muke kwance. A can harsashi ya sami Barmo a ciki. Har ya cika yana tambayata wa zai shayar da taguwa, raƙumar babansa.

Bayan haka tari ya kama ni.

Da fari na ce sanyi ne. Sai zazzaɓi kullum da la'asar, sai gumi ya jiƙe bargo. Sarjan ya ce lalaci ne, ya ƙara mini kaya. Ran da na tofar da jini a gaban sahu, ran nan aka ɗora ni kan alfadari.

Asibitin soja dogon ɗaki ne mai warin magani. Kowace safiya a sa maka tsinken gilashi a baki, lokotoro, wato likita, ya ƙwanƙwasa bayanka kamar mai zaɓen kankana, ya kasa kunne. Ka tofa kaki a gwangwani mai murfi. Ka sha man kifi. Sau biyu aka soka mini allura tsakanin haƙarƙari, aka zuƙo ruwa rawaya cikin kwano. Lokotoro ya ce tarin fuka ne.

Wanda aka gusa da gadonsa kusa da ƙofa, kowa ya san ma'anarsa. An gusa da nawa.

Na ji tsoro, ba na ɓoyewa. Ba mutuwar ba ce kaɗai, a'a, in mutu ba mai yi mini wanka, ba wanda ya san sunan ubana. Na musanya bargona da madara. In kwano ya faɗi ƙasa, sai dai a jawo ni daga ƙarƙashin gado. Wannan bai warke ba har yau.

Da Allah ya sa zazzaɓi ya sauka, aka kawo mini kayana in sa, a mayar da ni ƙasar duwatsun nan. Wando ya tsaya mini a ƙwauri. Lokotoro ya dubi wando, ya dube ni, ya tsai da ni jikin bango ya auna. Ashe ina kwance ina tofar da jini, jikina yana ta tsawo.

Ya ce wa tafinta, "Tambaye shi, wa ya ce wannan namiji ne?"

Na ce, "Rawani."

Bai yi dariya ba. Ya sa hannu aka sallame ni. Bature ne, irin waɗanda suka ɗauke ni, amma ya yi mini adalci, kuma sai na faɗa.

Ya ce ƙirjina ba zai ɗauki doguwar tafiya ba tukuna. Shekaru ke nan ina shara a tashar jiragen ruwa, ina jiran wannan tukuna. Tari ya tsaya, alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, na gode wa lokotoron nan, da wani tsoho Bazabarme da ya riƙa ba ni kunu a baki lokacin da hannuna ba ya riƙe cokali.

Wanda tarinsa ya wuce wata, ko ya ga jini, kada ya ce sanyi ne. Ya ware ƙwaryarsa, ya tofa a rami ya binne, ya nemi magani tun yana iya tafiya da ƙafarsa. Yaron da ya dawo muku daga soja yana firgita, kada ku ce masa matsoraci. Ku zauna kusa da shi kawai.

Abin da ya buɗe bakina kuwa shi ne Ilu ƙanena. Bana ya kai girman da nake da shi ran da aka kira wanzami, kuma na ji ana neman mazaje.

Inna, in kina raye, ki tsaya gaban kumandan da Ilu, kansa a buɗe. Ki nuna masa.

Ku bar wa yaron nan tukkunsa.