Ina cigiyar Mama Chinedu

Shago biyu a Fagge, gida da mota, dukansu da gumina na same su. Ba wanda ya ɗaga ni.

Jiya 'yata Hafsa tana aikin makaranta ta ce, "Baba, ka san nurture? Reno ke nan. Malaminmu ya ce asalin kalmar Latin ne, wato shayarwa da ciyarwa. Kai wa ya rene ka?"

Mama Chinedu ce ta faɗo min a rai, mai sayar da shinkafa a Sabon Gari lokacin ina dako. Kirista ce, amma duk azumi sai ta ajiye min kwanona: "Ɗana, an kira salla, zo ka ci."

Ta koma garinsu tuntuni. Wanda ya san inda take, ya gaya mata Sani ɗan dako yana kewarta. A sa sunana cikin 'ya'yanta.